Saƙon Inna a Wayar Yaya

"Auta, ki saurara da kyau, ina so ki..."

Nan muryar Inna ta yanke. Na sake kunnawa, ta sake yankewa a daidai wurin. Saƙon da ta bar mini a wayar Yaya ke nan, ta rasu ina kan hanyar asibiti.

"Ina sauran?" na tambayi Yaya.

"Ba wuri a wayar," ya ce yana sosa ƙeya. "Na ce ta ɗan jira in goge wani abu."

"Mai mutuwa ka ce wa ta jira?"

Na fizge wayar. Hotunan takalman shagonsa ne fal, har da waɗanda ya sayar tun ina makaranta. Ga bidiyon bikin mutanen da bai ma sani ba. Shekara da shekaru ina fama da shi ya share, yana cewa wata rana za su yi amfani.

"Wallahi na duba," ya ce. "Tana kallona, ina ta dubawa."

Na buɗe kwandon sharar wayar, in ga abin da ya iya rabuwa da shi saboda Inna.

Wayam. Ko silifas ɗaya bai goge ba.