Gram Ɗari Takwas

Sikelin ba ya tsayawa nan take. Lambobin sukan yi rawa na kamar daƙiƙa biyar kafin su natsu, kuma a daƙiƙoƙin nan direba kan tuna duk abin da ya ci da wanda bai ci ba.

Muntasir yana zaune cikin mota mai lamba sha huɗu a bakin rumfar awo, injin a kashe, gumi na bin gadon bayansa. Minti ashirin da suka wuce shi ya fara tsallake layin ƙarshe, aka kaɗa masa tuta. Murna ta ƙi zuwa. Harshensa ya bushe kamar soson wanka, kunnuwansa na ƙara.

Gasar ba ta da wuyar fahimta. Motoci ashirin da biyu, duk ƙirar kamfani ɗaya, irin wadda mai kuɗi zai saya ya yi yanga da ita a unguwar kantuna ta Bukit Bintang, an dai cire kujerun baya an sa ƙarafan kariya. Kowane inji da hatiminsa. Taya iri ɗaya, mai daga tanki ɗaya. Abin da ya rage wa mutum hannunsa ne da ƙafarsa. Sai doka guda da ba a ɗaga wa kowa: bayan tsere, mota da direbanta su kai kilo dubu ɗaya da ɗari da hamsin. Wanda ya gaza, kamar bai zo ba.

Wanda ya ci wannan tsere na ƙarshe shi ke samun kwantiragin tuƙi na shekara mai zuwa. Muntasir ya gama digirinsa na uku, takardar zamansa ta ɗalibi a wannan ƙasar waje za ta ƙare nan da wata biyu. In babu kwantiragi sai Kano, inda tseren da ya rage masa shi ne da 'yan adaidaita.

Da sahur, a gidansu na unguwar Taman Melati, an gaya masa ya ƙara dalma kilo biyu a ƙasan kujera, don azumi ne kuma ranar za ta yi zafi. Ya ce kilo biyu na rage wa mutum gudu wajen shan kwana, shi ya san jikinsa. Aka ƙara masa shayi.

Yanzu ga shi. Sauran direbobin da ba sa azumi suna ta kwankwaɗar ruwa a layi, domin al'adar wurin ce a miƙa wa kowa gora kafin awo, ya mayar da abin da rana ta tsotse. Pak Hisham, dattijon makanikinsa ɗan ƙasar, ya leƙo ta taga ya tura masa babbar gora mai lita ɗaya da rabi.

"Minum lah," ya ce da harshensu, murya ƙasa-ƙasa. "Sha, ka rama bayan salla."

Muntasir ya kalli gorar. Saura fiye da awa biyu a sha ruwa. Ya girgiza kai. Pak Hisham bai karɓi abarsa ba. Ya bari ta sulale bayan kujera, ya juya yana goge hannu da tsumma kamar bai san an yi ba.

Aka turo motar kan sikeli.

Mai awon Injiniya Nuriyya ce, Bakanuwa, shekararta uku kan wannan aiki. An sha yi mata gunaguni cewa tana da nata a cikin direbobi, shi ya sa kullum take juya allon sikelin ya fuskanci jama'a, ta kuma sa shaidu biyu su tsaya a gefenta. Ba ta dariya a rumfa. Ba ta kiran kowa sai da lambar motarsa.

Lambobin suka yi rawa, suka tsaya. Dubu ɗaya da ɗari da hamsin, har da ɗan ɗori. Wani ya fara tafi.

Ba ta rubuta ba. Ta zagaya motar a hankali kamar yadda ta yi wa na gabansa, ta duba hatimi, ta taɓa tayoyi, ta buɗe ƙofa ta sunkuya. Shaidun suna can suna hira, babu wanda ya ga abin da ta gani. Ta ɗan jima a sunkuye, har Muntasir yana jin numfashinta kusa da kafaɗarsa. Bai waiwaya ba.

Ta miƙe da gorar a hannu.

Lambobin suka sake rawa. Gram ɗari takwas ya rasa, bai ma kai nauyin hular kwanonsa ba.

"Sha huɗu, nauyi bai cika ba," ta ce, ta sa hannu a takarda, ta ba shaidu suka sa.

Babu wanda ya yi gardama. Aka ba yaron da ya zo na biyu kofi, wanda Muntasir ya bari a baya da tazarar mota shida. Muntasir ya tsaya ya ga an ɗaga kofin, har ya tafa sau biyu. Ya so ya ji haushi, ko kunya, ko ma wani abu. Babu komai, sai ƙishi.

Ya cire kayan tsere, ya tafi wurin ajiye motoci ya zauna cikin tsohuwar motarsa ta gida. Bai kunna ba. Ya ga mutane suna watsewa, ya ga sama ta yi ja a bayan itatuwan kwakwar manja, har ladanin masallacin filin ya gyara murya.

Ƙofar gefe ta buɗe. Injiniya Nuriyya ta shigo ta zauna, ta cire katin aiki daga wuyanta ta jefa a jaka, idanunta sun kumbura. Ta murɗe murfin gorar nan ta miƙa masa, da dabino uku a tafin hannunta.

"Abban Surayya, sha ruwa mu tafi gida, 'yarmu na jiranmu."