Tsanin Matsorata

Rufin ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ga wuta ta ɓullo tsakaninsa da tsanin da ya hawo da shi.

Ya hau ne ya fasa kwano don hayaƙi ya samu mafita. Dokarsu ta 'yan kwana-kwana tsani biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya, amma shi ya ce a bar na biyun, babu lokaci. Shekara shida yana tsokanar dattijon direbansu, mai nacewa sai an kafa na biyun: "Baba, kai dai da tsaninka na matsorata!"

Yanzu ga shi yana rarrafe zuwa bayan gidan, kwano na gasa masa gwiwa, hayaƙi ya rufe masa ido. Ya san babu komai a can, ai shi ya hana. Ya tuna 'yarsa da ke jiran ya dawo ya gyara mata keke.

Ya kai bakin rufin, ya yi salati, ya lalubi iska. Hannunsa ya kama ƙarfe.

Daga ƙasa muryar dattijon ta taso: "Sauko a hankali, jarumi, ina riƙe da shi. Na matsorata ne, amma zai ɗauke ka."