Allurar da Ta Ƙi Sauka

Allurar ta sake cijewa a kan saba'in. Arba'in da uku ya kamata ta nuna, kuma sai da Merv Kowald ya kafa hanci a gilashin agogon matsin man motarsa kafin ya iya karantawa.

Wata huɗu ke nan yana fama. Tun ranar da likita ya ce idonsa ya gama tuƙi, ya rantse sai ya tayar da tsohuwar akori-kurarsa ya shiga garin Cummins da ita, kowa ya gani. Ya cire kafireta, ya ɗora injekta mai fesa wa inji mai, da sabon famfo. Lissafin ba wuya: famfo ya turo mai, inji ya sha abin da zai sha, ragowar ya bi tiyo ya koma tanki. In tiyon komawar ya yi ƙunci, matsi ya hau, inji ya ƙoshi har ya shaƙe. Sau biyu yana sake tiyon da wanda ya fi faɗi. Ranar farko mota lafiya lau, kashegari baƙin hayaki, sai ta mutu.

Ya zargi mai sayar da kaya. Ya zargi maƙwabcinsa Trevor, wanda a cewarsa ya ari ƙaramar filayarsa mai kullewa, mai jan mariƙi, ya yi mirsisi da ita. Matarsa Glenys ce mai miƙo masa sifana da shayi.

Yau kam ba maganar taurin kai ake ba. Iskar arewa ta taso da zafi, wuta ta kama karan alkama a gonar Trevor, 'yar su Merv kuma ta tafi garin Port Lincoln da ɗayar motar tun safe. Saƙo ya shigo waya: kowa ya bar gida yanzu.

Merv ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaki, ya yi shiru. Ya sake. Warin fetur ya cika rumfar da motar take, toka ta fara zuba a kan rufin kwano. Tsoro ya kama shi sosai, ba don kansa ba, don matar da ya riƙe shekara arba'in da shida.

"Na kashe mu, Glenys," ya ce. "Da na bar wa motar nan kafiretarta."

"Matsa can kujerar gefe, tsoho. Ni zan ja."

"Ki ja me? Gawa?"

Ta zagaya baya, ta kwanta a ƙasa da rigarta ta gida, ta shige ƙarƙashin tanki. Ko fitila ba ta ɗauka ba. Kafin ya ƙirga biyar ta fito, ta zauna a mazaunin direba, ta murɗa makulli, ta take totur har ƙasa. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, ya daidaita.

Sun wuce ƙofar gona wuta na lasar shinge a bayansu. Da suka hau kwalta Merv ya juyo gare ta.

"Me kika taɓa?"

"Gara ka yi ta zagin mota a rumfa da in je ɗauko gawarka bayan ka daki bishiya," ta ce, idonta a kan titi, ta ajiye masa a cinya ƙaramar filaya mai jan mariƙi, wadda wata huɗu ke nan take matse tiyon komawar man da ita a ɓoye.