Ɗalibin Teku da Ƙusar da Ya Ajiye

Ɗan'uwa, tunda ka ce karatun nan ya gajiyar da kai har kana neman inda za ka rage, zauna in ba ka misalin da wani dattijon malami ya taɓa ba ni.

An yi wani ɗalibi mai neman digiri na biyu a ilimin teku. Ɗan tudu ne, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin garinsu ba, sai da karatu ya kai shi gaɓar teku, ya bar matarsa da mahaifiyarsa da alkawarin shekara biyu. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya gano iyakar inda gishirin teku yake kutsawa cikin wani kogi, rani da damina. Kowane wata sai ya shiga kwalekwalen wani tsohon masunci, su tsaya wuri goma sha biyu, ya ɗebi ruwa a gorar roba a kowane wuri, ya jera su cikin kula mai ƙanƙara. Malaminsa ya kafa masa ƙa'ida guda: kafin a tashi, ya zana lambar kowane wuri a jikin gorarsa da ƙusa, domin takarda ba ta abota da ruwa. Wata goma yana yin haka. Kuma babu fitar da bai yi amai ba, ga rana, ga gishiri ya faffasa masa yatsu har ƙusar ma da ƙyar yake riƙe ta. A wata na goma sha ɗaya, tsakiyar damina, lokacin da kogi ya cika ya batse, wanda shi ne watan da binciken ya fi buƙata, sai gajiya ta rinjaye shi. Ya dubi gorunan, ya dubi yatsunsa, ya ajiye ƙusa. Ya yayyanka takarda, ya rubuta lambobin da biro, ya manna da gam. Masuncin ya ce, "Malam mai gora, yau ƙusar ta tafi hutu ne?" Ɗalibin ya ce, "Baba, sau ɗaya dai." Tsohon ya ja igiyar injin kwalekwalensa.

Sun yini a kan ruwa. Da ya koma ɗakin gwaji ya buɗe kula, sai ya tarar ƙanƙara ta narke, takardun suna yawo a sama fari fat, babu ko ɗigon tawada. Ga goruna goma sha biyu cike da ruwa, kowace kamar 'yar'uwarta, ba a san ta bakin teku ba, balle ta cikin kogi. Ya roƙi malaminsa ya bar shi ya jera su daga mai yawan gishiri zuwa mai kaɗan, tunda ai haka ake tsammani. Malamin ya ce, "In ka yi haka, zatonka ka auna, ba kogin ba." Ya nemi komawa, sai igiyar ruwa ta hana kwalekwale fita har mako uku, kafin ta lafa kogi ya janye. Damina kuwa ba ta zuwa sau biyu a shekara. Abokan karatunsa suka gama suka tafi, shi ya kira gida ya ce a ƙara masa haƙurin shekara guda. Ya koma cikin kwalekwalen nan da amansa da fasassun yatsunsa, kuma tunda lissafin dole ya zama na shekara ɗaya a jere, sai ya faro daga watan farko, yana zana lamba da ƙusa a gora ɗari da arba'in da huɗu, shi da ya ƙi zana goma sha biyu.

To, ɗan'uwa, gajiya gaskiya ce, ban ce ka ƙaryata ta ba. Amma ka duba da kyau wane aiki za ka ajiye saboda ita, domin Hausawa sun ce, kowa ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.