Haɗin Mai Kemis

"Mijin ƙawata ne. Sanƙo ya cinye kai, ƙarfin namiji ya tafi, kunya kuma ta hana shi neman magani," in ji matar da ta shigo kemis ɗin Mas'udu ranar kasuwar Ƙanƙara.

Mas'udu ya san haɗa ƙwayar sanƙo da ta ƙarfin namiji kan kayar da mai ciwon zuciya irin shi kansa. Bai tambayi lafiyar mutumin ba. Ya ƙunshe, ya rubuta bibbiyu.

"Ta daka a fura, ba zai gane ba," ya ce wa matar.

Da la'asar ya shanye furar da matarsa Mansura ta dama. Jiri ya ɗebe shi, zufa ta keto masa. Gefen turmi ya hango takardar ƙunshi, ga rubutun hannunsa.

Mansura ta yi murmushin kunya. "In ƙaro maka, Maigida?"