Minti Ashirin a Jirgin Shata

Minti ashirin kacal Gbolahan ya yi a cikin jirgin saman, kuma jirgin ko tari bai yi ba. Yana ajiye ne a bayan wata rumfa a unguwar Ikeja ta Legas, a biya a shiga, a yi hoto, a fito. Ga kujerun fata, ga lemo mai kumfa a kofin gilas, har da wani mai hula da baƙin tabarau da yake sara wa mutum a ƙofa. Gbolahan ya harɗe ƙafa, ya kara waya a kunne alhali ba kowa a layi, aka ƙyasta masa hotuna goma sha biyu. Ya fito ya maƙale a ƙofar bas ya koma shagonsa na wayoyi.

Shi dai don kasuwa ya yi, don masu saye su ɗauka ya yi ƙarfi. Sai Morenike, wadda yake nema da aure, ta ga hoton.

"Gbola! Jirgin shata ka hau ba ka gaya mini ba?"

Da a ranar ya faɗi gaskiya, da an yi dariya an wuce. Amma bakinsa ya riga shi. "Abuja na ɗan leƙa na dawo."

Ta tura wa uwarta, uwar ta tura wa matan coci. Kafin Lahadi, har mai gasa masara a bakin layinsu ta san an samo suruki mai tashi sama. Abin da ya hana Gbolahan cin abinci kuwa shi ne uban yarinyar, Kyaftin Falade, matuƙin jirgin sama ne, shekara talatin yana aikin. Bai taɓa ganin sa ba. Kuma a bakinsa maganar auren take.

Ranar da ya je gabatar da kansa, falon gidan a Surulere cike yake da dangi. Kyaftin yana zaune cikin babbar riga, mutum shiru-shiru, ya amsa gaisuwa ba tare da ya ɗago sosai ba. Aka kawo amala da miyar ayoyo. Gbolahan bai kai loma ta biyu ba Mama, uwar Morenike, ta gyara ɗaurin kanta.

"Ɗana, ba su labarin jirgin nan mana. Waɗannan ƙauyawan in ba motar dare ba, ba abin da suka sani."

To, ya ya iya? Ya fara karanto abin da ya haddace a waya. Ba bin layi. Ba a sa ka cire takalmi da bel kamar ɓarawo. Kai kake faɗin lokacin tashi, jirgi ya jira ka. Jakarka tana kusa da kai, ba ta tafiya Kalaba kai kana Abuja. Kowace magana ya faɗa, sai ya ji gumi ya ƙara gangarowa ta ƙashin bayansa. Morenike kuwa sai kallon sa take tana murmushi, wannan ya fi komai ci masa rai.

"Ka ji ko, Yaya?" in ji Kawu Dapo, ƙanen Kyaftin, yana suɗe yatsa. "Kai ne masanin abin. Jefa masa tambaya ɗaya mu ji, kada ya zama a kan babur ya je Abujar."

Falo ya ɗauki dariya.

"Ku bar yaro ya ci abinci," in ji Kyaftin.

"Rabu da shi, ba ya son hirar aiki a gida," Mama ta ce. "Tun da girma ya zo, ƙarfe shida a nan take yi masa, ba kwanan waje. Amma yau dai sai ka duba, Dadi." Ta karɓi wayar ɗiyarta ta cusa masa a hannu.

Kyaftin ya kusanto da wayar dab da fuskarsa. Ya daɗe. Ya sa yatsu biyu ya buɗa wani gefe na hoton, ya yi sauri ya mayar. Ya ɗauki ruwa ya shanye kofi guda. Sannan ya ɗago, karo na farko, ya dubi Gbolahan ido cikin ido.

Shi ke nan, in ji Gbolahan a ransa. Mai shekara talatin a sama ai kallo ɗaya zai yi ya gane jirgin da ya mutu. Ya hango kansa yana fita ta ƙofar nan, Kawu Dapo yana riƙe ciki, Morenike tana kuka a kicin. Gara ya faɗa da bakinsa kafin a faɗa masa. Ya ture kwano, ya zube rubda-ciki a gaban tsohon yadda ake yi wa manya, haɓarsa a kan tabarmar falo.

"Dadi, ku yafe mini. Maganar jirgin nan, gaskiya..."

"Na ba ka ita!" Kyaftin ya katse shi da ƙarfi, har Mama ta zabura. "Na ba ka Morenike. Ku sa rana."

Gida ya kaure da guɗa. Kawu Dapo yana cewa wannan wane irin sauri ne, ko sunan garinsu ba a tambaya ba. Kyaftin ya sunkuyo da kansa zai ɗaga surukinsa, ya kawo baki saitin kunnen Gbolahan.

"Rufe bakinka, ɗana, ka rufa mana asiri mu biyu. Shekara takwas ke nan da likita ya hana ni tuƙi saboda ido, gidan nan ba wanda ya sani. Kafaɗar nan da ta fito a gefen hotonka tana sara maka, tawa ce."