Tokar Ɓuntu

"Toka ka zuba min a siminti? A Nassarawa?"

Haka Alhaji ya daka min tsawa a gaban leburorina. Na ce, "Ranka ya daɗe, tokar ɓuntun shinkafa ce, kwano ɗaya a cikin goma. Sai da ta yi fari fat na tankaɗe ta. Ƙarfi take ƙara wa kankare." Bai bari na rufe baki ba. Ya kira ni ɓarawo, ya sa aka hau rushe katangar ina kallo, maigadi ya raka ni bakin titi. Shekara ashirin ina gini, ranar na koma gida sunana ɓarawon siminti.

Bayan shekara bakwai ya aiko kirana. Wai ɗansa ya dawo daga Turai da digirin injiniya, yana neman tsohon magini.

Injiniyan ya tarbe ni a bakin get ɗin gidan nan dai, ya buɗe wata roba, yana yi min magana a hankali kamar ga daƙiƙi: "Baba, wannan sabon ilimi ne. Tokar ɓuntu. Ka taɓa jin labarinta?"

Alhaji na gefe yana danna waya. Na jira ya ɗago. Bai ɗago ba.

Na ce, "Injiniya, ginshiƙin nan da ka jingina, tambayi mahaifinka me ya sa ya fi sauran tsufa. Guduma uku aka karya a kansa da aka zo rushe katangata, aka haƙura."